Zuwa ga kishiyata mai son tsayawa a 'ya'ya biyu

Kishiyata, ƙaninki ya karanta mini saƙonki a waya, shi ne kuma yake rubuta wannan. Sai da na dara. Yarinyar da ko wankan jego ba ta taɓa yi ba, ita ce take tambaya ko zunubi ne idan ita da maigidanta suka tsaya a 'ya'ya biyu. Amma da dare barci ya ƙi zuwa, don na san ba da wasa kika tambaya ba. Kin ce kuɗin haya a Kano ya shaƙe ku, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 albashinsa ba ya kai ƙarshen wata. Kin ce maganar marigayi Paparoma Francis ta ruɗa ki: a 2015 ya ce ba dole ba ne ɗan Katolika ya yi ta haihuwa kamar zomo, a 2022 kuma ya yi wa masu ajiye karnuka da kyanwoyi a madadin 'ya'ya faɗa.

Ni ban ji saɓani a ciki ba. Fada, limamin cocinmu, ya gaya mana a taron Zumuntar Mata cewa a Italiya, in aka yi lissafi, da ƙyar mace take wuce ɗa ɗaya, tsofaffi sun yi yawa, masu ɗaukar su sun yi kaɗan. Wanda yake kallon wannan dole ya yi faɗa. Mu nan ƙasar Sumaila damuwarmu daban ce, kuma tun ba yau ba.

An kawo ni gidan nan ina amarya ba a daɗe da canza fam zuwa naira ba. Shekarar 1973 ke nan, shekarar fari. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe, gyaɗa ko irin da aka shuka ba ta mayar ba. A cikin wannan hali faccalata, kakarki ta jini, Allah ya ba ta hutawa, ta yi kwanika. Ɗanta na goye ko tafiya bai fara ba, ga wani ciki. Nono ya ɗauke, yaro ya kama zawo, gashin kansa ya yi ja, ƙafafu suka kumbura. Ta ɓoye har ɓoyo ya gagara.

Surukarmu ce ta gano. Ita a lokacin ba ta karɓi baftisma ba, Bamagujiya ce ta sosai, ba ta taɓa jin sunan wani Paparoma ba. Da magariba, maza sun dawo daga gona hannu rabbana, ta fito ta tsaya a bakin zaure da muciya a hannu, tana tuƙa ɗan tuwon dusa ta bar shi a wuta. Ba ta ko kalli faccalata ba. Ɗanta ta kira, kakanki, ƙato mai gemu, ta sa shi ya durƙusa a gaban ƙannensa. Muna leƙe ta bayan danga, jikina yana rawa. Ta ce masa: "Nono na yaro ne har ya shekara biyu. Wanda ya ƙwace masa ɓarawo ne, ko da ubansa ne." Ya buɗe baki ya ce ai bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Ta ce: "Gaskiya ne. Amma Allah ya ce tashi in taimake ka, bai ce kwanta ba." Babu wanda ya yi dariya.

A daren ta ɗauke yaron ta kai shi ɗakinta. Maigidan gandu ya hana a sayar da akuya ɗaya da ta rage tana shayarwa, duk da ana neman kuɗin hatsi ido rufe. Kowace mace a gidan ta riƙa rage ludayi ɗaya daga kununta. Ni da ba ni da ɗa tukuna, a bayana ya kwana ya tashi har damina ta zagayo. Yaron nan shi ne babanki. Wanda aka haifa a bayansa bai kai suna ba.

Shekaru bayan haka, da kakanki na wajena ya zama katikis, mai koyar da addini a coci, ya zo yana karanta mana abin da Paparoma Bulus na shida ya rubuta a 1968. Wai ma'aurata suna iya jinkirta haihuwa, har ba tare da sun yanka lokaci ba, in akwai dalili mai nauyi, na lafiya ko na abin hannu, amma ta hanyar lura da kwanakin mace da kame kai, ban da ƙwaya da allura, balle zubar da ciki. Tsohuwa tana gefe tana kaɗi. Ta ce: "Wannan mutumin a gidanmu ya girma?" Abin da ta ji a ciki shi ne an ɗora wa namiji nasa kason na haƙuri, kuma shi ta daɗe tana faɗa.

Abin da ke damuna da ku shi ne, a saƙonki duka ban ji muryar mijinki ba sai wajen albashi. Yanzu yarinya ce take zuwa asibiti ita kaɗai a ɓoye, ta dawo tana fama da jikinta da zuciyarta, shi kuwa bai san ana yi ba. Mu da, mace ta haihu ta tafi gidan iyayenta ta huta, miji ya san ba shi da ta cewa sai an yi yaye. Kun bar wannan kun ce ƙauyanci ne.

Ba na ɗora muku laifin duka. Mun bar gandu ya watse a hannunmu, gona aka yanka ta gutsi-gutsi, kowa ya ja nasa. Iyayenmu suna cewa ɗa na kowa ne, kuma da gaske suke, don akwai masu rage ludayi. Ke a ɗakin haya wa zai rage miki? Wannan yana ci mini rai fiye da tambayarki.

Sai dai ki tuna ranar aurenku a coci. Fada ya tambaye ku ko za ku karɓi 'ya'ya daga hannun Allah da ƙauna, ku tarbiyyantar da su, kuka ce e. Bai ce nawa ba, ku ma ba ku ce biyu ba. Ni bakwai na haifa, huɗu ne suka tsaya, kuma ba ni na zaɓi waɗanda za su tsaya ba. Shi ya sa jikina yake sanyi in na ji yaro yana yanka adadi tun kafin ya ga na fari.

Ku je ku biyu wajen masu koyar da lissafin kwanaki a cocinku, kada ki je ke kaɗai. In kun zo Kirsimeti ki bar ni da angon naki a zaure, akwai maganar da shi zan yi wa, ba ke ba. Ki gaya masa kada ya sayo mini komai, ya riƙe kuɗin motar komawa. Wake ya yi kyau bana, na ware muku naku.