Saura kwana 60, a gida kuma ana cewa ki ƙara bangaskiya

"Baba, ni 'yar Wusasa ce, ina Ingila da bizar kula da tsofaffi. An soke lasisin kamfanin da ya ɗauki nauyina, wasiƙa ta zo cewa saura mini kwana 60. Gonar kawuna aka sayar na zo. Mama ta ce kada in kuskura in dawo, wai rashin bangaskiya ne. Wani ɗan'uwa a majami'armu ya ce in kawo fam 6,000 ya samo mini sabuwar takardar ɗaukar nauyi. Na yi azumi, na yi addu'a, shiru. Anya Allah bai juya mini baya ba?"

'Yata, bari in fara da ɗan'uwan nan, don shi ne wutar da ta fi kusa da zaninki. Kada ki ba shi ko kwabo. Takardar ɗaukar nauyi ba hajar kasuwa ba ce. Mai ba da aiki ne ke biyan kuɗinta, doka ta hana shi ɗora wa ma'aikaci. Na ga yarinyar da ta ci bashi ta biya wani ejan mai buɗe kowace magana da "yabo ga Ubangiji". Ta je adireshin da ke jikin takardar, ta tarar da shagon aski. Lambarsa kuwa tun daren ta daina shiga. Zama a benci ɗaya ran Lahadi ba ya mai da kura tunkiya.

Ki duba ranar da ke cikin wasiƙar, ita ce iyakarki. Sunayen kamfanonin da ke da lasisi suna shafin gov.uk kyauta, duk wanda ba ya ciki ki wuce shi. Tun Yulin 2025 aka rufe ɗauko masu wannan aiki daga waje, amma waɗanda ke cikin ƙasar irinki suna iya sauya mai ɗaukar nauyi, kuma akwai cibiyoyin yanki da aka kafa don haɗa waɗanda aka soke lasisin kamfaninsu da sabon aiki. Shawarar biza kuwa sai wurin lauya ko mai rajista da IAA, hukumar da ke sa ido kan masu ba da shawarar shige da fice a Birtaniya. In kika shigar da sabuwar buƙata kafin wa'adin ya cika, zamanki halal ne har a ba ki amsa. In kika bari ya wuce kika ɓuya, nan ne ake rufe wa mutum ƙofa.

Yanzu tambayarki ta ƙarshe, wadda na san ita ce ta hana ki barci. Ki buɗe Farawa 39. An faɗa cewa Ubangiji yana tare da Yusufu lokacin da yake bawa a gidan Fotifar, aka kuma maimaita bayan an jefa shi kurkuku da sharri. Ɗan ci-rani ne shi ma, ba da son ransa ba. Ko da ya fassara mafarkin mai shayar da Fir'auna, sai da ya ƙara shekara biyu a ɗaure, an manta da shi. A duk tsawon wannan shirun Allah bai gusa ba. Zabura 34:18 ta ce yana kusa da masu karyayyar zuciya, ba ta ce masu biza a hannu ba. Mun saba ba da shaida a sujada ranar da takarda ta fito, shi ya sa in ta ƙi fitowa sai mu ɗauka an yashe mu. Laifinmu ne mu manya da muka koya muku haka.

Mama kuwa, ina girmama ta, amma a nan ina bayanki. Na san yadda abin yake. Ta tashi a zumuntar mata ta yi godiya cewa 'yarta tana Ingila, an yi guɗa, yanzu tana tunanin idon da za ta kalli mutane da shi. Wannan kunya ce, an sa mata rigar bangaskiya. Ba ita za ta kwana a ɗakin mutane tana firgita da kowace ƙwanƙwasar ƙofa ba. Majami'ar St. Bartholomew da ke nan unguwarku da ƙasa aka gina ta a 1929, tana tsaye har gobe, kuma Allahn da ake kira a cikinta bai bi jirgi ya ƙaura Ingila ba. In ƙofa ta buɗe a can, madalla. In ba ta buɗe ba kika dawo Zariya da fasfonki fes, kina iya neman wata irin biza wata rana.

Kawu yana da hakki, gona ba wasa ba ce. Ki kira shi da kanki, ba ta bakin Mama ba, ki faɗa masa gaskiyar halin da ake ciki, ku yanka abin da za ki riƙa biya in aiki ya samu, nan ko can. Kuɗin da ke hannunki yanzu kuwa kada ki tura gida, ki ware na tikiti ki ajiye. Daren yau ki yi addu'arki ki ci abinci, azumin ya isa haka. Gobe da safe ki tura takardar neman aiki wuri biyar, sannan ki rubuto mini ranar da ke jikin wasiƙar nan mu ƙirga tare.