Kwamfutar wasa na zafi, hoto na sarƙewa

Ɗan'uwa, ka ce kwamfutar da ka haɗa a Ringim tana ɗaukar zafi, wasa kuma ya riƙa sarƙewa. Ciwon ɗaya ne: in furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ta doshi digiri 95 na Celsius, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Saka HWMonitor, manhajar da ke nuna zafin kwamfuta, ka gani da idonka.

Ni ƙurar hunturu nake zargi. Tawa da na buɗe bara, fankar ta cushe kamar an liƙa mata auduga. Kashe taka, zare wayar wuta, ka danne fankar da yatsa ka hure da bulawa. Ka goge tsohon man rage zafi (thermal paste) da ke kan furosesa, ka ɗiga sabo kamar ƙwayar wake. Ɗauke kwamfutar daga ƙasa, ka janye ta daga bango. Ɗakin kwano a watan Afrilu ai tanda ne.

Kan sarƙewar hoton kuma, wayar HDMI fa, mai kai hoto zuwa allo, a katin hoto (graphics card) ka jona ta?