Ɗana bakinsa garau, me ya sa za a tura mu wurin mai gyaran magana?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana shekararsa 8. Ba ya in'ina, ba shi da tsamin baki, in ana hira ma ya fi yayyensa surutu. Amma da an buɗe masa littafi sai ya daskare. Kalmar da ya karanta a layi na farko, in ta sake fitowa a layi na uku, sai ka ce bai taɓa ganinta ba. Malamarsa tana zargin disleksiya, wato matsalar da ke sa koyon karatu ya yi wa yaro wuya, ta ce in kai shi wurin ƙwararren gyaran magana da harshe. Mene ne haɗin karatu da gyaran magana? Babansa kuwa cewa yake lalaci ne kawai. Daga wata uwa.

Amsa: Wa'alaikumus salam, maman yaro. Malamar nan ta ɗora ki a kan hanya. Abin da ya haɗa karatu da magana shi ne sauti.

Kafin yaro ya karanta "tafi", dole ƙwaƙwalwarsa ta gane cewa kalmar da yake furtawa da numfashi ɗaya sautuka huɗu ne a jere, kuma kowanne da harafinsa. Hira ba ta buƙatar wannan rarrabewa, shi ya sa yaro zai cika gida da surutu alhali bai iya tsinke kalma gida-gida ba. Yawancin masu disleksiya a nan suke tuntuɓe. Ki gwada shi cikin wasa, ba tare da takarda ba: ya ce "gari", sannan ya cire sautin farko ya sa "b" a gurbinsa. Tsararsa da ke karatu zai ce "bari" nan take. Naki wataƙila ya yi jim, ko ya jefo wata kalma da ka. Wannan gwajin gida ne dai, ba ya yanke hukunci, amma zai nuna miki inda gizo ke saƙa.

An daɗe ana ɗora laifin a kan ido. Rudolf Berlin, wanda ya raɗa wa matsalar suna a 1887, likitan ido ne a Jamus. A 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya rubuta labarin yaro ɗan shekara 14 mai kaifin basira da ya kasa karatu, ya kira abin makantar kalma. Binciken da ya biyo baya ya karkata daga ido zuwa yadda ƙwaƙwalwa ke sarrafa sautin magana. A 2009 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka tare da ta likitocin ido suka bayyana cewa babu hujjar da ta nuna atisayen ido ko tabarau mai launi na magance disleksiya. A duba masa ido da kunne, wannan wajibi ne, amma kada a ɗauke miki kuɗi da sunan tabarau na musamman.

Ƙwararren zai fara da gwaji: ko yaron na gane amsa-amo, ko yana iya raba kalma gaɓa-gaɓa, da saurinsa wajen ambaton haruffa da lambobi. Zai ba shi kalmomin ƙarya marasa ma'ana ya karanta, domin yaro mai wayo yakan haddace surar kalma ya rufe gazawarsa, kalmar da ba ta wanzu kuwa ba ta haddatuwa. Zai kuma karanta masa labari ya ji ko ya fahimta. Wannan na ƙarshe ne ya sa nake son mai gyaran magana ya shiga lamarin, saboda wasu yaran matsalarsu biyu ce: haɗa haruffa na ba su wuya, fahimtar doguwar jimla ma haka, ko da da baki aka faɗa musu.

Aikin kansa sannu a hankali ake yinsa, kuma bisa tsari. Sauti kaɗan da haruffansu, a haɗa baƙi da wasali, a karanta, a yi shifta, ba a ƙara sabo sai na baya ya zauna. Za ki ga yaro yana tura ɗan maɓalli ɗaya ga kowane sauti da ya furta, ko yana zana harafi da yatsa yana faɗinsa, salon da ya samo asali daga aikin wasu masana biyu 'yan Amurka, Samuel Orton da Anna Gillingham, a shekarun 1930. A ganina ba zanen yatsan ne sirrin ba, tsarin ne da yawan maimaitawa. Kwamitin nazarin karatu na Amurka ya nuna a rahotonsa na 2000 cewa horon sauti ya fi amfani idan an haɗa shi da haruffa. Don haka in an shafe watanni ana wasan sauti da baki kawai, babu harafi babu littafi, ki yi magana.

Batun baban yaro kuma, a lallaɓa shi. Disleksiya ba ta da alaƙa da ƙarancin basira, kuma ana kiyasta tana shafar yara 5 zuwa 10 cikin 100. Tana bin jini, ba mamaki a danginku ko nasa akwai wanda ya sha wannan wahala aka yi ta kiransa daƙiƙi. Yaron da ke zillewa littafi gudun kunya yake yi, duka da gori ƙara masa tsoro suke.

A gida, minti 10 zuwa 15 kullum na abin da ƙwararren ya bayar ya fi awa biyu ranar hutu. Ki ci gaba da karanta masa labarai da bakinki, don kalmominsa su yi ta ƙaruwa kafin karatunsa ya kamo. Horo ba ya kawar da matsalar duka, sau da yawa jinkirin karatu da kuskuren rubutu na bin mutum har girma, amma da horo mai kyau yara na iya karatu sosai. Ki nemi a rubuta miki matakin da yake a yau, a sake aunawa bayan zango ɗaya, kuma a sanar da malamarsa abin da ake yi don aji da wurin horo su tafi tare.