Shafin ƙungiyarmu ya daina buɗewa, wanda ya gina mana kuma ba ya ɗaga waya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ce ma'ajin wata ƙungiyar mata da ke tallafa wa marayu a Tudun Wada, Zariya. Shekara biyu da suka wuce wani ɗalibi ya gina mana shafin intanet, muka biya shi kuɗinsa cas. Makon jiya shafin ya daina buɗewa, yaron ya gama karatu ya koma garinsu, wayarsa ba ta shiga. Adireshin shafin yana kan duk takardun neman tallafin da muka rarraba, ga azumi na matsowa. An ce akwai wani a unguwar PZ nan Zariya da zai yi kutse ya dawo mana da shi in mun biya. Ina mafita?

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya saka da alheri kan wannan aiki. Kada ki ba mai kutse ko sisi. Ba a ƙwato adireshi da kutse, duk wanda ya ce zai yi, ko dai kuɗinku zai ci ko ya jefa ku cikin laifi.

Yau ɗin nan a duba abin da ya mutu, domen ne, wato sunan adireshin shafin, ko masauki, wato kwamfutar kamfanin da shafin ke zaune a kanta. Idan adireshinku ya ƙare da .org ko .com, a shiga shafin bincike na ICANN, hukumar da ke kula da sunayen adireshin intanet a duniya, a rubuta shi. Idan .ng ne, hukumar NiRA ce ke kula da shi, tana da nata wurin binciken. Za ku ga kamfanin da aka yi rajista a wajensa da ranar ƙarewa. In domen na raye, mai yiwuwa masauki ne ba a biya ba, wannan da sauƙi.

Amma bari in tsaya kan kalmar da ta fi damuna a saƙonki, wato "muka biya shi kuɗinsa cas". Kusan kullum sai na ji ta, daga masu ɗinkin babbar riga a cikin birni har masu makarantu a Samaru. Mutane sun ɗauka shafi kamar keken ɗinki ne, ka saya sau ɗaya ya zama naka. Ba a sayen domen, hayarsa ake yi, shekara-shekara, kamar rumfa a kasuwar Sabon Gari. Kuma wanda sunansa da imel ɗinsa ke kan rajista shi ne ɗan haya, ko da kuɗin daga aljihunki ya fito. Ke da kanki ba za ki yarda dillali ya sa sunansa a takardar filin da kika saya ba, amma ƙungiyoyi da dama sun yi daidai wannan da adireshinsu ba su sani ba. Kamfanonin rajistar .com da .org wajibi ne su aika tunatarwa kusan wata guda da kuma mako guda kafin ƙarewa. Sun aika, Hajiya, akwatin yaron suka shiga.

Haɗarin bai tsaya kan shafin da ba ya buɗewa ba. Domen na .com ko .org da ya ƙare yakan samu ɗan jinkiri, sannan ya shiga wa'adin fansa na kwana 30 wanda kuɗinsa ya fi na sabuntawa tsada sosai, bayan haka da 'yan kwanaki a sake shi ga kowa. Akwai masu dakon irin waɗannan adireshi. Wani ya mayar da shi shafin caca, wani ya kwaikwayi shafinku ya sa lambar asusunsa, mai niyyar sadaka ga marayu ya tura wa ɓarawo yana ganin ku ya ba. Duk sabon saƙon da aka aika zuwa imel ɗin da ke ɗauke da sunan domen ɗin ma hannunsa zai faɗa. Abin da ke ba ni haushi shi ne masu gina shafi da suka san wannan sarai, su yi shiru don mai shafi ya riƙa dawowa wurinsu. Wannan cin amana ne, balle da dukiyar marayu. Ban ce yaronku haka ya yi ba, ɗalibai da yawa rashin sani ne.

Ku neme shi ta sashensu a makaranta ko ta abokan karatunsa, da lalama. Abin da kuke buƙata shi ne ya sabunta, sannan ya mayar da rajistar zuwa asusun ƙungiya ko ya ba ku lambar canja wuri, wato lambar sirrin da ake mayar da domen zuwa wani kamfanin rajista da ita. A lokaci guda ku rubuta wa kamfanin rajistar, ku haɗa takardar rajistar ƙungiyarku ta hukumar CAC da shaidar biyan kuɗi, ko da yake ba lalle su saurare ku ba in sunanku ba ya ciki.

In wa'adin ya kusa cika ba a same shi ba, ku yi sabuwar rajista da imel ɗin ƙungiya, mutum biyu cikin amintattu su riƙe kalmar sirri, ku biya na shekaru da dama a gaba. Sannan ku sanar da masu ba ku tallafi ta WhatsApp da Facebook cewa tsohon adireshin ya fita hannunku, kada a tura ko kwabo ta can kafin azumi.