Amsa: Makarantar Amurka za ta karɓi yara ba tare da katin rigakafi ba?

'Yar'uwa, kin tambaya ko za a ɗauki yaranki a makaranta idan kun koma Amurka ba tare da katin rigakafi ba. Gaskiya ki fara neman katin nan tun kafin ki haɗa kaya. A can kowace jiha da dokarta, amma dukansu suna buƙatar shaidar allurar shan inna, ƙyanda da tarin shiƙa, kuma dukansu suna ɗaga wa yaro ƙafa idan likita ya rubuta cewa allurar za ta cutar da shi. Uzurin ƙin yin allurar saboda addini ne ake saɓani a kai. Kalifoniya ta soke shi a 2015 bayan ƙyanda ta ɓarke a wurin shaƙatawa na Disneyland, New York ma ta soke a 2019. Texas kuwa har yanzu tana karɓar takardar rantsuwa daga iyaye kan wannan uzurin.

Abin da ke kama mutanenmu shi ne allurar ƙyanda. A gida ana yin ta a wata 9, su kuma ba sa ƙirga wadda aka yi kafin yaro ya cika shekara ɗaya, sai an sake. Kada ranki ya ɓaci, ba wulaƙanci ba ne. Ta ƙarambau ma za su nema, mu kuma ba ma yin ta a jadawalinmu. Ki ɗauki hoton kowane shafi na katin a wayarki, musamman inda aka buga hatimi da kwanan wata.