Giyar ta ɓalle kuma babu irinta a kasuwa: yaya za a kwafe ta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Giyar roba ta injin niƙa namana ta zubar da haƙora uku, na zaga kasuwa ban samu irinta ba. An ce ana iya auna ta, a zana a kwamfuta, a buga sabuwa. Ta ina zan fara? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ana iyawa, amma ka da ka kwafi giyar yadda ka gan ta yanzu. Ta riga ta ci, in ka bi siffarta har lalacewar za ka kwafa. Abin nema shi ne lissafin da aka ƙera ta a kai tun farko.

Wanke ta tas, ka ƙirga haƙoranta har da gurbin waɗanda suka ɓalle, ka ɗiga maka a na farko don kar ƙirgen ya rikice. Sai ka samo kalifa, ma'aunin nan mai baki biyu da ke nuna milimita, ka auna faɗinta daga tsinin haƙori zuwa tsinin na ɗaya gefen, a wurare uku. Ƙara 2 a kan yawan haƙoran, ka raba faɗin da shi. Abin da ya fito shi ne modul, wato girman haƙori. A ce haƙora 30 ne, faɗi milimita 47.7: ka raba da 32, ka samu 1.49. Masana'antu lambobi sanannu suke bi, irin su 1, 1.25, 1.5 da 2, don haka modul ɗin 1.5 ne, ainihin faɗin kuma 48. Ragowar gogayya ce ta cinye. In kuwa 1.59 ya fito, kar ka tilasta shi ya koma 1.5, giyar da ma'aunin inci aka yi ta, modul ɗinta 1.5875.

Nan ne ake yawan faɗuwa: idan haƙoran mara ne, kamar 31, kowane haƙori giɓi yake kallo a ɗaya gefen, ba haƙori ba, sai awon ya gaza. Auna daga bakin ramin tsakiya zuwa tsinin haƙori, ka ninka biyu, ka ƙara faɗin ramin tsakiyar.

Kafin ka taɓa kwamfuta, gwada lissafinka da abokiyar cizonta, wato giyar da haƙoransu ke shiga juna. In tana da haƙora 20, tazarar tsakiyar shaf biyun, wato sandunan da giyoyin ke kai, ya kamata ta zama jimlar haƙoransu, 50, sau 1.5 a raba biyu, milimita 37.5. In bai yi daidai da jikin injin ba, koma awo. Duk wannan na giya mai miƙaƙƙun haƙora ne. Mai karkatattu sai an auna kusurwar karkatar ita ma.

Manhajar FreeCAD kyauta ce, kuma tana zana haƙoran da kanta. Ba ta modul, yawan haƙora da kusurwar matsi, wato kusurwar da haƙori ke tura ɗan'uwansa, wadda digiri 20 ce a yawancin injinan zamani, 14.5 a wasu tsofaffi. Sannan ka sa kauri, ramin shaf da gurbin makullinsa, ka fitar da zanen a fayil ɗin STL, irin wanda ake kai wa masu bugawa. Injin buga 3D, mai gina abu da narkakkiyar roba, yakan matse rami, saboda haka ka ƙara masa kamar milimita 0.2. Fara buga siririya mai kaurin milimita 3, ka haɗa ta da abokiyar cizonta, ka juya su da hannu ka ji ko suna cijewa.

Ka nemi a buga maka da robar nailan. Robar PLA mai arha takan yi laushi tun wajen digiri 60, kuma cikin akwatin giya akwai zafi. Shawarata kuma kar ka bari a lallashe ka da ta ƙarfe: sau da yawa da gangan ake sa ta roba, don in ƙashi ya maƙale ita ta karye, motar lantarkin injin ta tsira daga ƙonewa.

Tambaya: Ba zai fi sauƙi in ɗauki hotunanta da waya, manhaja ta haɗa siffar ba? Daga wata ɗalibar injiniya a Maraɗi.

Amsa: Ga murfi ko mariƙi yana wadatarwa, Malama, amma ga haƙori da ramin shaf kuskurensa ya yi yawa, balle farar roba mai sheƙi da kyamara ba ta samun abin kamawa a jikinta. Gara ki kwantar da giyar a kan sikana tare da rula, ki ɗauka a 600 dpi, wato ɗigo 600 a kowane inci, ki shigar da hoton ƙarƙashin zanenki don kwatance. Lambobin dai daga kalifa za su fito.