Wa ya ce maka guminka kyauta ne?

Wani kafinta ya aiko da tambaya. Ya ce shekararsa 9 yana aiki a ƙarƙashin maigidansa, yanzu ya kama shagon kansa. Yana bukatar teburin aiki, da kabad na bango, da durowa 24 na ajiye ƙusa da sukuru da ƙananan kayan aiki, da wani teburi mai taya. Ya je ya taya na sayarwa, ya ga in shi zai haɗa da kansa, katako da ƙarafa ba za su wuce kashi 60 cikin 100 na wancan kuɗin ba. Shawarar da ya yanke ita ce ya rufe karɓar aiki na mako biyu ya ƙera komai da hannunsa, ko da yake akwai mutum uku da suka ba shi kafin alƙalami suna jiran kayansu. Ya ƙara da cewa in kayan suka yi kyau zai ɗauki hotonsu ya sa a Facebook, wataƙila ma ya koma sana'ar ƙera wa kafintoci kayan shago, don ya ji ana samun kuɗi sosai a nan. Tambayarsa: ya saya ko ya ƙera?

Malam, na karanta takardarka sau biyu ina neman abu ɗaya, ban same shi ba. Ka lissafa katako, ka lissafa gam da ƙusa da fenti, har kuɗin ɗauko kaya ka sa. Amma kanka ba ka sa a lissafin ba. Mutumin da ya fi kowa tsada a shagon nan, wanda ya yi shekara 9 yana koyon hannu, shi ka rubuta wa sifili. Wannan shi ne kuskurenka, kuma a kansa zan tsaya, domin sauran duk rassa ne.

Bari in tambaye ka. A wata ukun da suka wuce, in an cire kuɗin kayan aiki, nawa ya rage maka na hannu? Kwana nawa ka yi aiki a cikinsu? In ka raba na farko da na biyu, abin da ya fito shi ne farashin yininka. Na tabbata ba ka da wannan lambar, don da kana da ita da ba ka ce min ka samu sauƙin kashi 40 ba. Kafintan da ba ya rubuta abin da ya shigo da kwanakin da kowane aiki ya ci, kullum yana ganin kansa mai araha ne.

Mu ɗauki lamba mai sauƙi, ba ruwanmu da wane irin kuɗi ne. A ce kayan da ka taya 300 ne. Kai za ka sayi katako da ƙarafa na 180, kana murna ka tsira da 120. A ce yininka ɗaya yana kawo maka 10. In da gaske mako biyu za ka yi, kwana 12 na aiki ke nan, 120 ɗin ta tafi, kun tashi babu ci babu riba. To kuma mako biyun nan ba gaskiya ba ne, kai ma ka sani in ka nutsu. Durowa ɗaya tana da gefe huɗu da ƙasa, yanka biyar. Sau 24, yanka 120 ke nan, ban da fuska da mariƙi. Ƙarfen da durowa ke gudu a kai guda 48 za ka ɗaura, kowanne sai ya zauna daidai da ɗan'uwansa, kuma irin mai boris ɗin nan yana son a bar masa rabin inci a kowane gefe. Ka kuskure da ɗan milimita biyu, durowar ta cije, ka kwance ka sake. In ka gama uku a rana ka yi ƙoƙari, kwana 8 sun tafi a durowa kaɗai. Sa wa teburin aiki kwana 5, kabad na bango kwana 6, goga da fenti da jiran ya bushe kwana 4, teburi mai taya kwana ɗaya. Kwana 24. Kusan wata guda na aiki. Yanzu sake lissafi: 180 da 240, 420 ke nan, a kan abin da za ka iya ɗaukowa a 300. Kuɗin haya kuma bai tsaya ba, yaran shago ba su daina zuwa ba.

Wannan ma lissafin kuɗi ne kawai. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne mutum ukun nan da ka ambata a ƙarshen layi kamar ba komai ba ne.

Na taɓa zama da wani kafinta irinka, gwani ne na gaske, in ya haɗa kusurwa ko takarda ba ta shiga. Ya koma sabon shago, ya ce shi ba zai sa kayan wani a wurinsa ba, abin kunya ne kafinta ya sayi kabad. Ya ce kwana goma. Sai da ya yi mako bakwai. A tsakiyar aikin katako ya ƙare masa, ya sa hannu a kafin alƙalamin wani da ya ba shi aikin ƙofofi, da niyyar zai mayar. Ranar da mai ƙofofin ya gaji da jin "gobe" ya zo da kansa, ina wurin. Mutumin bai ɗaga murya ba. Ya zagaya shagon, ya ja durowa ɗaya, ta fito sumul, ya mayar. Ya shafa fuskar kabad ɗin da tafin hannu, ya duba yatsunsa, ko ƙura babu. Sannan ya juyo ya ce, "Ashe kana da lokaci. Nawa aikin ne ba ka da lokacinsa." Ya nemi kuɗinsa. Kafintan ba shi da su, suna jikin bango sun zama kabad. Injin goge katakonsa ya sayar a wulakance ya biya, kuma wannan mutumin shi ne wanda da zai kawo masa aikin gida biyu a bayan wannan. Garin gyaran gira ya rasa ido. Har yau in na tuna fuskarsa a ranar sai raina ya sosu, don ba mugu ba ne, lissafi ne bai yi ba.

Kafin alƙalami ba jarinka ba ne. Amana ce. Ko ƙusa ɗaya ta shagonka kada ta fito daga ciki.

Kada ka ji kamar ina cewa ka je ka saye komai. A'a. Lokacinka ba farashi ɗaya gare shi kullum ba. Ranar da aiki uku ke jiranka, yininka yana da tsada. Ranar da ka buɗe shago har yamma babu wanda ya leƙo, yaranka na zaune suna duba waya, wannan yinin kusan kyauta ne, kuma kowace sana'a tana da irin waɗannan kwanaki. Su ne na ƙera kayan shago. Don haka ba "in saya ko in ƙera" ya kamata ka tambaya ba. Ka tambayi kanka wanne, kuma yaushe.

Teburin aiki, shi kam ka ƙera. A nan ba na ja da kai. Na sayarwa kala biyu ne: mai kyau, wanda kuɗinsa zai karya ka, da mai araha, wanda ba shi da nauyi. Na ga irin na biyun a shagon wani. Da ya sa ƙarfi yana goge gefen falanki, teburin gaba ɗaya ya riƙa rawa, fensir da tef suna gangarowa ƙasa, shi kuma ya ɗora ƙafa ɗaya a kan sandar ƙasa yana danne shi. Haka yake yini, da yamma bayansa ya riƙe. Araha ba ta ado. Abin da ake bukata a teburin aiki uku ne: nauyi, saman da yake a miƙe, da tsayin da ya dace da jikinka. Yawanci ana yin sa tsakanin santimita 85 zuwa 90, amma ka tsaya ka saki hannunka, inda wuyan hannunka ya tsaya, kusan nan ne naka. Wannan babu masana'antar da za ta auna maka.

Sai dai ka zaɓi wanda za ka iya gamawa. Teburin da ake ta yayi a intanet, mai saman nan mai kauri, asalinsa zanen wani kafinta ne na Faransa, André Roubo, wanda ya fitar tun 1769. Samansa ya kai kaurin inci 5, ƙafafunsa kuma suna huda shi su fito. Yana da kyau, yana kuma cin katako da kwanaki. Akwai wani na Ingila da Peter Nicholson ya zana a 1812, wanda ake haɗawa da falankai na yau da kullum, da falanki mai faɗi a gaba da ke hana shi girgiza. An yi sama da shekara 200 ana aiki a kan irinsa. Shi nake ba ka shawara. Kwana uku ya ishe ka in ba ka tsaya ado ba. Abu ɗaya kawai: kada ka sa ɗanyen katako. Katako yana tsukewa ta faɗinsa in yana bushewa, ta tsawonsa kuwa kusan ba ya motsi, shi ya sa saman da aka haɗa da ɗanye yake kwantsarewa ya buɗe baki bayan 'yan watanni. Tsohon ƙiyasin masu katako shi ne kowane inci ɗaya na kauri yana son kusan shekara guda in iska ce za ta busar da shi. In babu busasshe a hannunka, ninka filawud mai milimita 18 sau biyu ko uku ka manne da gam, ka yi aiki a kai har ka samu.

Bayis ɗin da zai matse maka katako, saye za ka yi, kuma kada ka yi rowa a kansa. Tsoho mai nauyi na hannu ya fi sabo marar ƙwari.

Durowa 24 kuwa, cire su daga ranka. Wannan aikin inji ne, masana'anta tana fitar da su ɗaruruwa a rana, ba za ka taɓa kamo farashinta da hannu ba. Nemi kabad na ƙarfe mai durowa, ko da wanda wani ofis ya gama amfani da shi ne. Ƙusa ba ta san a durowar wa take kwance ba.

Kabad na bango kuma ka dakata da shi, ko da kana da lokaci da kuɗi. Ba ka san shagon nan ba tukuna. Ba ka san inda haske ke faɗowa da yamma ba, ba ka san ta ina dogon falanki zai juya in an shigo da shi ba, ba ka san wane kayan aiki hannunka ke nema sau hamsin a rana ba. Filawud guda tsawonsa santimita 244 ne, faɗinsa 122. Ranar farko da za ka juya shi a tsakiyar shago za ka gane kabad ɗin da ka kafe da sukuru ya tsaya maka a hanya. Ka yi wata shida kana aiki a wurin kafin ka kafa wani abu na dindindin. Kafin nan, tsaga falanki a karkace, digiri 45, ka ɗaure rabi a bango, rabin kuma a bayan duk abin da kake son ratayewa. Kanta ce ko akwati, a ɗaga a sauya masa wuri cikin minti ɗaya. Wannan aikin yaranka ne, da guntayen katakon da suka rage, a ranar da babu aiki. Su koyi hannu, kai ka samu wurin ajiya, ba ka taɓa jari ba.

Maganar hoto da sabuwar sana'a, gaskiya ba ni da haƙurin jin ta. Wa zai saya? Kafintoci? Su ne mutanen da suka fi kowa tunanin za su iya yi da kansu, kamar yadda kake tunani yanzu. Kana so ka bar masu bukatar gado da ƙofa da kujera, waɗanda ba su iya riƙe zarto ba kuma har sun ba ka kuɗi, ka je ka sayar wa masu zarto a hannu. Wanda ya ce maka ana samun kuɗi a nan, tambaye shi guda nawa ya sayar da kansa. Waɗanda kake gani a bidiyo da shago kamar ɗakin baƙi, da yawansu bidiyon ne sana'arsu, daga masu talla suke samu. Kai daga mutum ukun nan kake samu. Mai ba da aiki ba ya ƙara ko sisi don durowarka tana da kyau. Abin da yake kallo shi ne ka ce Laraba, kuma Laraba ta yi kayansa na nan.

Ga yadda zan yi in ni ne kai. Gobe da safe in sayi littafi mai kauri, kowane aiki shafinsa daban: ranar da aka karɓa, abin da aka bayar, abin da kaya suka ci, kwanakin da aka yi. In kira mutum ukun nan ɗaya bayan ɗaya, in ba kowa ranar da zan iya cikawa, ba ranar da yake so ya ji ba. In haɗa jakin katako biyu, wato maɗori mai ƙafa huɗu da ake ɗora aiki a kansa, in ɗora filawud a kai, aikin rabin yini, in fara nasu a kansa. Sai na miƙa na ƙarshe na karɓi cikon kuɗina, sannan in ware kwana uku na teburin, daga ribar da ta shigo.

Bayan wata uku ka buɗe littafin nan ka raba kuɗin hannunka da kwanakin da ka yi. Ka sake rubuto min da lambar da ta fito, sai mu zauna a kan maganar kabad.